Wasiƙa Ga Aminina Sabon Mai Hoto: RAW Ko JPEG?

Aminina,

Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba? Allah ya ƙara masa lafiya. Ka miƙa min gaisuwa wurin Hajiya, ka ce mata ɗanta na Kano yana nan tafe kafin biki in Allah ya yarda. Mu ma nan kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton kyamarar da ka saya. Barka da arziki, Allah ya sa albarka, ya sa ta zama hanyar abinci. Kada ka damu da cewa ta hannu ce. Canon mai megafiksel 24 irin wannan, in ka kiyaye ta daga ƙurar hunturu da faɗuwa, za ta yi maka aiki shekara da shekaru. Sai kuma tambayarka. Ka ce ka shiga wajen saita ingancin hoto, ka tarar da RAW a layin sama, JPEG a layin ƙasa da su L da M da S. Wani ya ce maka ƙwararru ba sa taɓa JPEG, wani kuma ya ce RAW cin memori ne kawai. Ga shi bikin ƙanwarmu ya matso, kuma kai aka ɗora wa hotuna. Na so in amsa maka ta waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, gara in zauna in rubuta abin da za ka riƙa komawa kana dubawa.

Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, don hankalinka ya kwanta. A ranakun bikin nan, ka saita kyamara ta riƙa ajiye duka biyun a lokaci guda, RAW da JPEG. Hotunan yau da kullum kuwa, JPEG mafi girma ya wadatar da kai. Nan gaba, tambayoyi uku ne za su riƙa raba maka gardama: hasken wurin mai wuya ne ko mai sauƙi? Abin da kake ɗauka zai maimaitu, ko daga wannan shi ke nan? Sannan kana da lokacin zama gaban kwamfuta bayan an tashi, ko wanda ka ɗauka yana tsaye a kanka yana jira? To yanzu ga dalilai.

Can bayan gilashin kyamararka akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa. A kansa akwai ƙananan ɗigogi miliyan 24, kowane ɗaya aikinsa ya auna yawan hasken da ya sauka a kansa, shi ke nan, ba ruwansa da launi. Don a samu launi sai aka lulluɓe ɗigogin da matata mai kala uku: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Wani masani na kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya fito da wannan tsari, aka yi masa rajistar mallaka a 1976, kuma har yau yawancin kyamarori a kansa suke tafiya. Ya ba kore rabi ne saboda idon ɗan Adam ya fi kama kore. Ka ga ke nan a lokacin da ka danna, abin da yake fitowa daga sensa tarin lambobi ne: wannan ɗigo ya ga ja kaza, na kusa da shi ya ga kore kaza.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In JPEG ka zaɓa, 'yar kwamfutar da ke cikin kyamara za ta karɓi lambobin nan ta yi musu aiki cikin ƙiftawar ido. Za ta ƙiyasta wa kowane ɗigo launuka biyun da bai gani ba ta hanyar duba maƙwabtansa, ta yanke hukuncin mene ne fari a wurin, ta ƙara kaifi, ta ƙara ƙarfin launi, ta share tsaki-tsakin da ke cikin duhu, sannan ta matse hoton ya zama ƙarami. Matsewar nan ita ce ainihin aikin JPEG, tsarin da wani kwamitin masana na duniya ya fitar a 1992. Yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya lura da su, musamman na launi. Abin da ya zubar ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake. In kuwa RAW ka zaɓa, kyamara za ta zuba lambobin a kati kusan yadda suka fito, ta liƙa musu bayanin saitin da ka yi, ta bar maka sauran hukuncin. Ka ɗauka JPEG ɗinkakkiyar riga ce da ka tarar a kanti: in ta zo maka daidai ka sa ka tafi, in ta yi kaɗan tela ba shi da inda zai saki. RAW kuwa shaddar ce da ba a yanka ba, kana iya fitar da yadda kake so, amma ba ta sawuwa sai an yi zaman ɗinki.

Ga lissafin da ke ƙarƙashin wannan magana. A JPEG, kowane launi daga cikin ukun nan yana da mataki 256 ne daga baƙi ƙirin zuwa iyakar haske. In ka haɗa ukun za su ba ka launi sama da miliyan 16.7, wanda ya ishi ido kallo har ya yi yawa. RAW kuwa, a kyamara mai bit 12 matakan 4,096 ne, a mai bit 14 kuma 16,384. In hoto ya fito daidai tun daga kyamara, ka ajiye biyun gefe da gefe, da wuya ka ce ga wannan ga wancan. Bambancin yana bayyana ne ranar da ka ce za ka ja hoton, wato ka haskaka duhu ko ka sauya launi. Ɗauki sararin sama da almuru, inda ja ke narkewa cikin shuɗi a hankali, ka ja shi da ƙarfi a JPEG, za ka ga ya kekkece ya zama zara-zara, domin matakan sun yi kaɗan su cike tsakani. A RAW zai tafi sumul.

Yanzu mu zo gida, inda abin ya fi shafarmu. Ranar ɗaurin aure an sauko daga Juma'a, rana tana tsaka. Ango ya fito cikin farar babbar riga ta shadda tana ɗaukar ido, an yi mata aikin aska takwas da farin zare a kan fari. Hularsa ta yi wa goshinsa inuwa, abokansa duk fari-fari sun kewaye shi, a bayansu ga bakin zaure yana duhu. Wannan shi ne haske mafi wuya da mai hoto ke haɗuwa da shi a ƙasarmu, kuma kusan kowane mako ne. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Da ya ga fari ya cika wuri sai ya rage haske, fuskoki su nutse, ka rasa idon ango. In ka ƙara haske don fuska ta fito, rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin da mai ɗinki ya yi makonni yana yi ya ɓace ɗungum.

A nan RAW yake biyan kuɗinsa. Sai ka auna hasken a kan rigar, ka tsaya daidai inda zaren aikin yake nan bai ƙone ba, ko da ka ga fuska ta ɗan yi duhu a allon baya. Da ka zo kwamfuta ka ɗaga inuwa mataki ɗaya ko biyu na ma'aunin hasken kyamara, fuska ta fito da launinta, rigar kuma tana nan da aikinta. Ka gwada haka da JPEG, fuskar za ta haskaka amma sai ka ga fatar ta yi toka-toka, wani wuri ta ja kore, ga tsaki a kumatu, saboda bayanan cikin duhun an riga an zubar da yawancinsu.

Wuri na biyu shi ne cikin gida wajen mata, ko zauren dina. A ɗaki ga ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, ga hasken taga yana shigowa. A zauren biki kuwa an kunna fitilu shuɗi da ja da ruwan goro suna yawo a kan jama'a. Kowane haske da launinsa, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelvin: hasken rana tsaka wajen 5,500 ne, ƙwai mai ruwan ɗorawa wajen 3,000, inuwa kuma ta kan kai 7,000. Maɓallin da aka rubuta wa WB aikinsa ke nan, ya gaya wa kyamara wane irin haske ake ciki don fari ya fito fari. In ta yi kuskure a JPEG, kuskuren ya shiga jikin hoton: mayafin amarya ya koma ruwan ɗorawa, jan lallen hannunta ya dushe, zinaren wuyanta ya rikiɗe. Za ka iya ragewa, amma kana gyara nan can yana ɓaci. A RAW ba a riga an yanke wannan hukunci ba. Za ka taɓa farin mayafin sau ɗaya a kwamfuta, launuka su koma mazauninsu ba tare da hoton ya yi asarar komai ba, sannan ka kwafi gyaran ka shafa wa duk hotunan da aka ɗauka a ɗakin.

Tun da maganar fata ta zo, bari in faɗa maka abin da ke raina. Shekaru masu yawa, tun daga wajen 1950 da wani abu, katin gwajin launi da Kodak yake raba wa masu wanke hoto hoton farar mace ne, a kanta ake daidaita injin. Kyamarorin yau sun yi nisa da wannan zamani, amma har yanzu hukuncin ƙarshe a kan yadda fuskar mutanenmu za ta fito yana hannun mai hoto. RAW zai ba ka iko mai yawa a kan fata, ina roƙonka ka yi amfani da shi wajen fito da mutum yadda Allah ya yi shi. Baƙi ya fito baƙi mai sheƙi, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa. Yanzu an shiga yayin wanke fuskar amarya a kwamfuta har danginta su kasa gane ta, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai. Hoton biki na 'ya'ya da jikoki ne, su suke da haƙƙin ganin ainihin fuskar uwarsu ranar aurenta.

Amma kada ka ɗora wa RAW abin da ba zai iya ba. Hoton da ya yi rawa saboda hannunka ya motsa, ya yi rawa ke nan. In fokas ya sauka a kan bango maimakon idon amarya, babu gyara. Farin da ya ƙone ƙurmus har sensa ta cika ta batse, shi ma ba ya dawowa. Abin da RAW ke cetowa shi ne wanda ya tsaya a bakin gaɓa. In an haɗa fitila shuɗiya da ja a fuska ɗaya, gyaran WB ba zai raba su ba, maganinsa filasha, ka harba ta sama ta bugi silin ta sauko a hankali. Kuma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: hoton da kake gani a allon bayan kyamara, ko da RAW kaɗai ka saita, ƙaramin JPEG ne da kyamara ta yi ta cusa a cikin fayil ɗin. Shi ya sa in ka buɗe RAW a wasu manhajoji za ka ga ya yi lami, launi ya kwanta, babu kaifi, har ka zaci wani abu ya lalace. Lafiyarsa lau, aikin da kyamara ta saba yi maka ne ya dawo wuyanka.

To JPEG fa? Duk wanda ya ce maka ƙwararru ba sa taɓa shi bai san aikin ba. A watan Nuwamba na 2015 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya sanar da masu yi masa hoto na wucin gadi cewa ba ya son hoton da aka sarrafa daga RAW, su riƙa aiko da JPEG na kyamara da ɗan gyara kaɗan. Dalilinsa biyu: sauri, da kuma son hoto ya tsaya a kan abin da ya faru. Masu ɗaukar ƙwallo da masu ɗaukar labarai da yawa a haka suke aiki, domin hoton da ya isa bayan labari ya wuce ba shi da amfani.

Kai ma za ka ga haka da idonka in ka zo mana Hawan Daushe. Ka samu wuri a Ƙofar Kudu, mahaya sun jeru can nesa, sai su sako dawakai a guje za su yi jafi, ƙura ta tashi, ka danne maɓalli kyamara tana harbi a jere. Kafin hotuna su shiga kati suna taruwa ne a wani ɗan ma'aji na wucin gadi a cikin kyamara. A ƙananan kyamarori da yawa, RAW shida zuwa goma sun isa su cika shi, sai ka ji ta fara tsaitsayawa daidai lokacin da dawakai suka ja birki a gaban Sarki, masu sun ɗaga. Da JPEG kuwa za ta daɗe tana harbi kafin ta tsaya. A irin wannan wuri JPEG ne abokin tafiya. Sai dai ka kula da jan rigunan dogarai, domin ja mai ƙarfi shi ne launin da ya fi saurin cika ya zama fili. Ka ɗan rage haske da kashi ɗaya cikin uku na mataki, zai tsira.

Haka nan duk aikin da hasken yake hannunka. In ka buɗe studiyo kana ɗaukar fasfo, fitila ɗaya ce, bango ɗaya ne, ka saita sau ɗaya ka gama, RAW ba zai ƙara maka komai ba sai wahala. Hoton kayan shago da za a sa a Facebook ko Instagram, hoton taron makaranta, hoton suna inda ake so a gani kafin la'asar, duk JPEG ne. Mai wanke hoto ma JPEG zai karɓa daga hannunka. Kowace waya, kowace kwamfuta, kowace talabijin mai karɓar filas tana buɗe shi. Sharaɗin kawai shi ne ka gyara komai tun kafin ka danna. Ka zaɓi L mai alama mai santsi, ba mai alamar matakala ba, domin mai matakalar ya fi matsewa. Ka bar tsarin launi a sRGB, shi ne wanda wayoyi da intanet suka sani. Ka koyi saita WB da hannunka, da farar takarda ma ana yi. Wannan horo ne mai kyau, kuma wanda ya iya fitar da JPEG mai kyau daga kyamara, shi ne RAW ɗinsa ma yake yin kyau.

Sai maganar aljihu, wadda masu yabon RAW ba su cika faɗa ba. A kyamara irin taka, RAW ɗaya yakan kai megabait 25 zuwa 30, JPEG mafi girma kuma 6 zuwa 10. Katin gigabait 32 zai ɗauki RAW wajen 1,000, ko JPEG wajen 4,000, in ka haɗa biyun kuma tsakanin 800 da 900. Ka lissafa kamu da ɗaurin aure da dina da kai amarya: in ka ɗauki hoto 2,000 da duka biyun, ka tashi da gigabait 70 da ɗoriya a biki ɗaya. Wannan yana son kati fiye da ɗaya, yana son ma'ajin waje irin wanda ake jona wa kwamfuta, yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, yana son wuta ko man janareta. Tura shi ta intanet kuwa, data za ta ƙare ba a je ko'ina ba. Abin da ya fi duk waɗannan tsada shi ne lokacinka. Na san masu hoto da suka tara RAW dubbai ba su taɓa buɗewa ba, masu biki suna ta sintiri wata da watanni. In ka san ba za ka zauna ka gyara ba, RAW bai amfane ka da komai ba. Ka duba ko kyamararka tana da C-RAW, wanda Canon ya shigo da shi a 2018 tare da EOS M50. Yana rage nauyin fayil sosai, kuma a yawancin hotuna ba za ka ga bambanci ba.

Manhajar gyara kuwa ba sai ka kashe kuɗi ba. Canon yana da tasa kyauta, Digital Photo Professional, za ka sauke ta da lambar da ke jikin kyamararka. Da ita nake so ka fara, domin tana karanta saitin kyamara, RAW zai buɗe da kamannin da ka gani a allon baya, daga nan ka ɗora. Masu Nikon suna da NX Studio, ita ma kyauta. Akwai Darktable da RawTherapee, su ma ba a biya. Lightroom ta kamfanin Adobe ita ce ta fi yaɗuwa a hannun masu sana'a, amma ana biyan kuɗinta wata-wata, ka bari sai aiki ya fara kawo kuɗi. Duk wadda ka ɗauka, ba ta taɓa ainihin lambobin RAW ɗin. Gyaranka ana rubuta shi ne daban, ko bayan shekara goma kana iya sharewa ka sake sabo. JPEG kuwa, kwafarsa daga kati zuwa kwamfuta ba ta rage shi, amma duk lokacin da ka buɗe ka gyara ka sake adanawa, an sake matse shi, yana raguwa kaɗan-kaɗan. Don haka kullum ka yi gyara a kan kwafi. In za ka tura wa mai wanki ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi ya isa a ƙanƙance.

Akwai wani amfani na RAW da ba na gyara ba, wato shaida. Gasar World Press Photo da ake shiryawa a Amsterdam ta ƙasar Holan tana neman ainihin fayilolin kyamara daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, don a gwada da hoton da suka aiko. A gasar 2015, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kai wannan mataki an fitar da su saboda sun taɓa hoton fiye da ƙa'ida. Kai ma ranar da wani ya ɗauki hotonka ya sa sunansa, RAW da ke hannunka shi ne hujjarka mafi ƙarfi. Saboda haka ka ba mai biki JPEG da ka gyara, RAW ya zauna a wurinka. Kuma ka san wannan ajiya amana ce. Hotunan matan mutane ne a cikin gidajensu, wasu ko mayafi babu. Kada ka bar su a kwamfutar shago inda kowa ke taɓawa, kada ka sa ko ɗaya a intanet don talla sai da izinin masu shi, in za ka kai kwamfuta gyara ka kwashe su tukuna.

Game da ajiya ta dogon lokaci, ka sani kowane kamfani da irin RAW ɗinsa. Canon yana da CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, kuma tsohuwar manhaja ba ta buɗe na sabuwar kyamara sai an sabunta ta. Adobe ya fitar da DNG a 2004 don a samu tsari ɗaya na kowa, wasu kamfanoni kamar Leica da Pentax da wayoyi da yawa sun karɓa, amma huɗun nan da na lissafa ba su bar nasu ba. JPEG kuwa ya haura shekara talatin kuma babu na'urar da ba ta san shi ba. Don haka duk hoton da kake ji da shi, ka ajiye RAW ɗinsa, ka ajiye gyararren JPEG ɗinsa, kowanne a wuri biyu, ɗaya ba a ɗakin da ɗayan yake ba. Kada ka goge kati sai ka tabbatar da idonka hotunan sun sauka a wuraren biyu kuma suna buɗewa.

Kafin biki ga aikin da na ba ka, domin gani ya kori ji. Ka sa ƙaninka ya sa farar riga da hula ya tsaya a tsakar gida da rana tsaka. Ka saita RAW da JPEG tare, ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, a Canon sunansa Highlight alert. Ka ɗauka yadda kyamara ta auna, ka rage mataki ɗaya ka ɗauka, ka ƙara mataki ɗaya ka ɗauka. Da dare ka maimaita a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sannan ka buɗe su a kwamfuta, ka ɗaga inuwar fuska a RAW, ka yi daidai haka a JPEG, ka zuƙo kumatu ka duba. A zama ɗaya za ka san iyakar kyamararka, wato mataki nawa take ba ka kafin hoto ya lalace, kuma wannan sani ya fi duk abin da na rubuta.

Ranar biki ka fita da kati biyu ko uku na gaske, ka saye su a wurin da ka yarda da shi domin jabu sun yi yawa a kasuwa, da batir biyu cike da caji. JPEG ɗin ka tura wa dangi a daren don su yi ta murna. RAW kuma ka tsince guda ɗari ko ɗari biyu mafi kyau, su za ka zauna ka gyara don albam da wanda za a rataye a bango, sauran ka ajiye. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, kuma hoton Baba yana sa wa 'yarsa albarka ba a cewa a sake, don haka a wannan kada ka yi ƙyashin memori. Bayan biki ka mayar da ita JPEG ka yi ta ɗauka kullum har hannunka ya faɗa, ka riƙa komawa RAW duk lokacin da haske ya yi wuya ko abin ba mai maimaituwa ba ne.

In ka yi gwajin ka turo min abin da ya fito mu duba tare, kuma duk inda ya shige maka duhu ka kira ni, ko da dare ne. Ka gaida amarya, ka ce Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ka shafa min kan yara.

Wassalam.

Naka amini,
daga Kano.